Hayaƙin Murhu, Kaskon Gawayi da Ƙurar Hunturu: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Tun da sanyin hunturu ya fara kankama wasiƙun da ke iso wa wannan fili suka karkata ga tari, mura da sarƙewar numfashi. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma ta shafe fiye da shekara 30 tana sana'ar tuwo-tuwo da itace. Shekara uku ke nan tana fama da tari mai kaki, musamman da asuba, yanzu kuma ko alwala ta fita yi sai ta tsaya a tsakar gida ta huta. An yi mata gwajin tarin fuka sau biyu ba a samu ba. Da muka kai ta asibiti sai likitan ya tambaye ta ko ta taɓa shan taba, abin da ya ɓata mata rai har ta rantse ba za ta koma ba. Me ya haɗa dattijuwar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba da irin wannan tambaya? Daga wani ɗa a Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Ka ba ta haƙuri, domin likitan bai yi nufin cin fuska ba. Abin da ya ji a ƙirjinta ne ya yi kama da abin da ya saba ji a ƙirjin waɗanda suka daɗe suna shan taba, kuma a ƙasarmu mata da yawa suna zuwa asibiti da irin wannan huhu alhali abin da suka sha kawai shi ne hayaƙin murhu.

Idan ka shiga madafar da ta yi shekarun nan tana girki, ka ɗaga kai ka dubi rufin. Za ka ga kunkunniya ta yi kauri a jikin azara ko kwano, yanar gizo-gizon da ke lungu ta koma baƙa ƙirin tana reto, bangon da ke bayan duwatsun murhu kuwa yana ƙyalli kamar an shafa masa kwalta. Duk wannan itace ne da bai ƙone ya gama ba. Murhun duwatsu uku ba ya ba wuta isasshen zafi da iskar da za ta cinye itacen gaba ɗaya, don haka wani kaso nasa yake tashi a matsayin ƙura mai laushi haɗe da iskoki masu guba. Abin da ya manne a rufi shi ne wanda ido ke gani. Wanda ya fi damun likitoci shi ne ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda faɗin kowace ɗaya bai wuce maikiromita 2.5 ba, ta yadda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci da majina suna tare manyan ɓarɓashi, mutum ya fyace su ko ya kako su, amma waɗannan ƙananan suna wucewa har can ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan iska inda jini ke karɓar oksijin, wasunsu ma su ratsa su shiga jinin.

Jiki yana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin baƙon da ya shigo ba sallama, sai ya tura mata dakaru, wurin ya kumbura. Kumburin yini ɗaya ba wani abu ba ne, yana sacewa. Amma idan aka maimaita shi safe da yamma har shekara 30, hanyoyin numfashi suna yin kauri su tsuke, su riƙa zubar da majina fiye da kima, bangon jakunkunan iskar nan kuma ya yayyage, ta yadda iska za ta shiga amma fitarta ta zama aiki. Wannan ita ce cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Hukunci yana hannun likitan da ya duba ta, amma bayanin da ka yi ya yi kama da ita ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma har yanzu sama da mutum biliyan 2 suna girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu, kwal ko kananzir. Abin da yake ba mutane mamaki idan na karanta musu rabe-raben wannan adadi shi ne huhu ba shi ne kan gaba ba. Kashi 32 cikin 100 ciwon zuciya ne, kashi 23 shanyewar ɓarin jiki, kashi 21 ciwon huhu na ƙwayoyin cuta, kashi 19 irin cutar da muke zargin Hajiya na da ita, kashi 6 kuma sankarar huhu. Dalili kuwa, kumburin da ya fara a huhu yana bin jini ya taɓa jijiyoyi, ya sa su taurara, ya kuma sa jini saurin daskarewa. Marigayi Farfesa Kirk Smith na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan bincike, yakan kwatanta hayaƙin da murhun itace ke fitarwa cikin awa guda da na karan sigari wajen 400. Ba dukkansa ne ke shiga ƙirjin mai girki ba, amma kwatancen ya isa ya nuna maka dalilin tambayar likitan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kayyade cewa kada matsakaicin waɗannan ƙwayoyi a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ɗaya ta iska, alhali a madafar da ba ta da taga yakan iya ninka abin da aka amince da shi har sau 100.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun mayar da jan ido da hawayen mace a bakin murhu alamar ƙwazo, har a yaba mata a ce ba ta da son jiki, amarya kuwa idan ta yi ƙorafin hayaƙi a ce 'yar boko ce. Idon nan da ke zubar da hawaye yana faɗar gaskiya ne, kuma bincike ya danganta daɗewa cikin hayaƙin girki da yanar ido a wajen mata.

Ka lallashe ta ku koma. Ku nemi a yi mata gwajin ƙarfin huhu, wanda ake ba mutum bututu ya hura iya ƙarfinsa a cikin na'ura, a ɗauki hoton ƙirji, a kuma duba zuciyarta da hawan jini, domin haki a wannan shekaru yakan fito daga zuciya ma. Idan aka rubuta mata maganin shaƙa kada ku saurari masu cewa wanda ya fara shi ba ya dainawa. Yana buɗe hanyoyin numfashi ne kawai, kuma da yake kai tsaye yake zuwa huhu, abin da ke shiga jini kaɗan ne idan aka gwada da ƙwaya. Ku daina sayen maganin tari na ruwa da kafso a kemis duk lokacin da tarin ya motsa. Abin da ya lalace a huhu ba ya komawa yadda yake, amma ana iya rage gudun lalacewar sosai, kuma hanya mafi ƙarfi ita ce raba ta da hayaƙin. Na san raba mai sana'a da sana'arta ba ƙaramin abu ba ne. Ta koma wajen zuba abinci da karɓar kuɗi, nesa da wuta, murhun kuma a fito da shi ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa ta kowane gefe, saboda yaran da za su karɓe ta a tuƙin tuwo su ma huhu gare su.

Tambaya: Ina da goyon wata bakwai, kuma a bayana yake duk lokacin da nake girki don ba ya yarda da kowa. Sau uku ke nan yana yin tari da zazzaɓi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce in daina girki da shi a baya, amma surukata ta ce ita ma haka ta goya mijina da ƙannensa kuma ga su nan garau. Wa zan bi? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Malama, ki bi maganar ma'aikaciyar, amma ba sai kin yi jayayya da Inna ba. Gaskiya ta faɗa game da nata 'ya'yan, sai dai waɗanda suka rayu su ake gani a ƙirga, kuma kowa ya san yawan ƙananan yaran da ciwon haƙarƙari ya ɗauke a zamaninsu. A cikin adadin da na ambata a sama akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran wannan shekaru da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida ne ya share masa hanya.

Ki lura da abin da ke faruwa idan kin sunkuya za ki hura wuta ko ki gyara itace. Ke kina kawar da kai, kina runtse ido, kina riƙe numfashi har ki miƙe. Shi kuwa yana ɗaure cikin zani, kansa ya sauko daidai inda hayaƙin ke tashi, bai san ya riƙe numfashi ba. Jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, iskar da yake zuƙa tana da yawa idan aka gwada da ƙanƙantar jikinsa, hanyoyin numfashinsa sirara ne, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Hayaƙin yana raunana 'yan gashin da ke share datti daga maƙogwaro, don haka murar da ya kamata ta tsaya a hanci sai ta gangara ƙirji.

Maganin rigimar yana cikin gidan. Ki roƙi Inna ta riƙe miki maigidan nata na ɗan lokacin da wuta ke kamawa, wanda shi ne lokacin da hayaƙi ya fi turnuƙewa. Idan babu mai riƙewa, ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa ta ɓangaren da iska ke fitowa, nesa da wuta yadda ba zai rarrafo gare ta ba. Ki tanadi busasshen itace, domin ɗanye ko wanda ruwa ya daka yana ɓata zafinsa wajen ƙafar da ruwan da ke cikinsa, shi ya sa yake kuka yana kumfa a baki yana cika gida da hayaƙi. Kada ki haɗa wuta da leda ko guntun roba ko tsohon silifa, hayaƙinsu ya fi na itace guba nesa ba kusa ba. Rufe tukunya da jiƙa wake tun dare suna rage lokacin da kike ɗauka a bakin murhu. Wannan shawara ta shafi mai juna biyu ma, domin hayaƙin yana cikin abubuwan da ke sa a haifi jariri ba nauyi.

Ki tabbatar ya karɓi dukkan allurar rigakafinsa, har da ta ciwon huhu. Sannan ki koyi ƙirga numfashinsa. Lokacin da yake kwance shiru, ki buɗe masa ciki ki ƙirga tashinsa na minti guda cur. Ga yaro mai wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 iyakar ita ce 40, ga wanda bai kai wata 2 ba kuma 60. Idan kin ga haka tare da tari, ko kin ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ki kai shi asibiti a ranar, kada a ce a jira gari ya waye.

Tambaya: Matata ta haihu kwana goma da suka wuce. Saboda sanyi, gwaggonta takan shigar mata da kaskon gawayi ɗaki da dare a rufe ƙofa da taga, amma sai ta bari ya gama hayaƙi ya yi ja tukuna. Kwana biyu ke nan ita da gwaggon suna tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jaririn kuma barci ya yi masa yawa. Wasu sun ce sanyin jego ne, wasu sun ce iska ce. Daga wani magidanci a Jos.

Amsa: Malam, wannan wasiƙa da na karanta ta ban jira fitowar mujalla ba, na aika maka saƙo, kuma ina maimaita shi a nan saboda sauran masu karatu. A fitar da kaskon nan daga ɗakin a daren yau, a kai mai jego da jaririn da gwaggon asibiti a duba su.

Iska ce kam, amma ba irin wadda ake nufi ba. Sunanta kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita, kuma a ɗakin da aka toshe, yayin da oksijin ke raguwa, fitarta ƙaruwa take yi. Dabarar gwaggo ta jira hayaƙi ya ƙare ta kawar da abin da zai gargaɗe su ne kawai, ta bar gubar. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini yana kama wannan iska da ƙarfin da ya ninka kamun da yake yi wa oksijin sau fiye da 200, don haka mutum yana numfashi amma ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa suna cikin yunwa. Ana farawa da ciwon kai, jiri, kasala da amai, sai ruɗewa, sai mutum ya ga ƙofa amma ƙafafunsa su ƙi kai shi. Wanda yake barci ba ya ma bin waɗannan matakai, wucewa kawai yake yi. Jinin sabon jariri ya fi na babba riƙe wannan guba, shi ya sa yawan barcin da ka ambata ya fi komai tayar mini da hankali. Babbar alamar da ke bambanta ta da zazzaɓin cizon sauro ita ce duk waɗanda suka kwana a ɗaki ɗaya su tashi da ciwo iri ɗaya, su kuma ji sauƙi idan sun fita waje.

Ita ce dai gubar da ke fita daga salansar janareta. Idan ka ji labarin an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki ba rauni a jikin kowa, kafin a fara zargin abinci ko sammu a tambaya ina aka ajiye janareta a daren. Sau da yawa za a tarar an shigo da shi zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene saboda ɓarayi ko ruwan sama. Wurinsa fili ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansar yana kallon waje. Idan aka tarar da mutum a sume a irin wannan ɗaki, a buɗe ƙofofi, a fito da shi sarari, a garzaya da shi inda za a sa masa oksijin. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yakan shaƙe su su faɗa huhu.

Ɗumi ga mai jego da jariri abu ne mai kyau, kuma ana samunsa da bargo, hula, safa, da kwantar da jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare. Tun da zancen jego ya zo, likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a yankin, suka kuma danganta shi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa tare da yawan shan kunun kanwa. Ka isar wa gwaggo da wannan cikin ladabi, domin ƙauna ce ta sa take yi.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne. Tsadar iskar gas ta sa iyalina ta koma gawayi, wani lokaci risho. An kuma tallata mini murhun zamani mai cin itace kaɗan. Ta fuskar lafiya wanne ya fi? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ba ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, gidaje da yawa sun jingine tukunyar gas a lungu. Ta fuskar lafiya lantarki da gas su ne kan gaba, tazara mai nisa. Gawayi ya fi itace ƙarancin ƙura amma ya fi shi haɗarin gubar da na bayyana a amsar da ta gabata, don haka kurfoti wurinsa tsakar gida ne ko da ana sanyi. Kananzir kuwa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guje masa a girkin gida, saboda hayaƙinsa, da gobara, da kuma yaran da ke kwankwaɗarsa idan an zuba shi a gorar lemo.

Batun murhun zamani yana buƙatar a faɗi gaskiya, domin masu talla sukan zarce abin da bincike ya nuna. A ƙasar Gwatamala an gwada murhu mai bututun fitar da hayaƙi, sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a Malawi, inda aka bi yara sama da 10,000 bayan an raba wa gidajensu murhu mai fanka, sakamakon 2017 bai nuna raguwar ciwon huhu ba. Hatta babban gwajin da aka yi da gas kyauta ga masu juna biyu 3,200 a Gwatamala, Indiya, Peru da Ruwanda ya rage hayaƙin da suke shaƙa sosai, amma bai nuna bambanci a nauyin jariran ba. A Ibadan kuwa, masu juna biyu da aka ba murhu mai amfani da sinadarin etanol an ga awon hawan jininsu ya fi na sauran sauka.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne rage hayaƙi da rabi ba ya rage cuta da rabi, domin ko ragowar ta ninka abin da huhu ke iya jurewa. Ga shi kuma mace takan karɓi sabon murhu ta ci gaba da hura tsohon a gefe don babbar tukunya, ga hayaƙin maƙwabta, ga na bolar da ake ƙonawa a bayan gida. Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Murhun yana rage kuɗin itace da lokacin girki, kuma idan yana da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi ya fi wanda ba shi da shi.

Shawarata gare ka ita ce raba aikin. Ka riƙa zuba kilo biyu ko uku na gas gwargwadon hali, a keɓe shi ga girkin da ake yi cikin ɗaki ko da sassafe, irin su shayi, ɗumame da kunun yara, girki mai daɗewa kamar wake da ganda kuma a yi shi da gawayi a fili. Wutar gas mai kyau shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, kan murhun ya toshe, a wanke shi. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya idan ya zuba, don haka idan an ji warinsa a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa, kada a taɓa makunnin lantarki ko ashana. Ana gane inda yake yoyo da kumfar sabulu a jikin tiyo. Na kuma yaba da cewa kai ne ka rubuto, domin a gidaje da yawa mai riƙe da kuɗin cefane bai taɓa yin minti goma a madafa ba.

Tambaya: Ina tuƙa adaidaita sahu a Kano daga safe zuwa dare. Idan na dawo gida na fyace majina baƙa take fitowa, da hunturu kuma abin ya fi muni. Abokan aikina sun ce shan madarar gwangwani yana wanke ƙirji. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, madara abinci ce mai kyau, amma hanyarta daban da ta numfashi. Ita ciki take sauka, ƙura kuwa huhu take tafiya, ba sa haɗuwa balle ɗaya ta wanke ɗaya.

Abu biyu kake shaƙa. Na farko hayaƙin injuna ne, kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara a 2012, ta kuma sanya gurɓatacciyar iskar waje gaba ɗaya a wannan sahu a 2013. Na biyu ƙurar hunturu ce, wadda iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, babban kaso daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Idan biyun suka haɗu da hayaƙin taya da ake babbaka da ita da na juji, ga kuma sanyin asuba da ke danne iska a ƙasa ya hana ta tashi, shi ne hazon da kake gani yana kwance a kan titi da safe. Busasshiyar iskar tana kuma tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, wanda yana cikin dalilan da suka sa sanƙarau ke ɓarkewa a wannan yanki namu daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar damina. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ba za su so a yi wasa da rigakafinsa ba.

Hankici ko rawani yana tare manyan ɓarɓashi ne kawai. Takunkumin da ke tare ƙananan shi ne mai lamba N95, da sharaɗin ya zauna daram a kan karan hanci da haɓa ba tare da iska na shiga ta gefe ba, a kuma sauya shi idan ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a cikinsa. Ka guji tsayawa daf da salansar tirela ko tifa a cunkoso, ka kashe inji idan tsayuwar ta yi tsawo, ka kuma riƙa yi wa naka keken juyen mai a kan lokaci. Idan kana shan taba ka daina, domin ɓarnar biyun haɗuwa take yi. Tarin da ya kai mako biyu kuma a kai kaki a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Sauran aikin ya fi ƙarfin direba ɗaya, na hukuma ne, kuma an ga inda aka yi shi. Hazon hayaƙin kwal da ya rufe Landan a Disambar 1952 ya kashe aƙalla mutum 4,000 cikin 'yan kwanaki, abin da ya kai ga dokar tsaftace iska ta 1956. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ma sun daina sayar da fetur mai darma a farkon 2006, alhali kafin nan ana ganin kamar ba zai yiwu ba.

Tambaya: Ni amarya ce, ina son turaren wuta ƙwarai, da dare kuma muna kunna maganin sauro mai naɗi kamar gammo. Mijina yana da asma kuma ya ce suna tayar masa da ita. Su ma suna da illa ne? Daga wata amarya a Maiduguri.

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Angonki ya yi gaskiya. Ƙamshi ba ya canza abin da hayaƙi yake, duk abin da aka ƙona yana fitar da ƙananan ƙwayoyin nan, ga kuma garwashin da ke ƙarƙashin turaren. Ba zan ce ki bar turaren wuta ba, don na san 'yar Barno ba za ta ji wannan ba. Ki turara ɗakin lokacin da ba ya nan, taga a buɗe, na minti kaɗan, sannan ki fitar da kaskon ki bar iska ta ratsa kafin ya dawo. Tufafi kuma a turara su a kan kabbasa a waje, ƙamshin yana kama yadi ya zauna bayan hayaƙin ya tafi.

Maganin sauron ya fi damuna, domin shi kwana ake yi da shi a rufaffen ɗaki yana ci har asuba. Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna cewa guda ɗaya yana fitar da ƙananan ƙwayoyi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Ku koma gidan sauro mai magani, ku sa raga a taga, shi kuma ya riƙa ajiye maganin shaƙarsa kusa da matashin kai.